Zauren Tarbiyya: Ya haddace waƙar, amma halin yana nan

Wasiƙun wannan watan kusan duk kan abu ɗaya suka faɗa: yadda za a koya wa yara da matasa kyawawan ɗabi'u da waƙa, ko baitocin wa'azi da ake rerawa da baki, ko waƙoƙin gargajiya da muka gada. Mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata Islamiyyar yamma. Ajina yara 58 ne, daga shekara 9 zuwa 13. An ba ni darasin tarbiyya sau biyu a mako, minti 30 kowane zama. In ina yi musu nasiha hamma suke yi, amma waƙar da suka ji sau biyu a waya sun riƙe ta. Ina so in gwada waƙoƙin wa'azi. Ta ina zan fara? (Malamin Islamiyya, Gusau)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da neman waƙa. Fara da zaɓen hali ɗaya da za ka bi har wata guda, kuma ya zama halin da ido ke gani a cikin aji. "Tsoron Allah" shi ne tushen komai, amma ba za ka iya cewa yau Talata ya ƙaru ko ya ragu ba. Mayar da biron aro, faɗin gaskiya in an fasa wani abu, barin zagin uwa, waɗannan kana ganinsu. In ka tsai da halin, sannan ka nemo baitocin da suka yi magana a kansa.

Baiti takwas sun ishe ka wata, wato biyu a mako. Waƙoƙin wa'azi da yawa sun haura baiti ɗari, kuma ba yara aka yi wa su ba tun asali, don haka tsamowa za ka yi. Ka tuna yaran nan suna ɗauke da haddar Alƙur'ani da hadisi, ga aikin makarantar boko. Waƙa baƙuwa ce a tsakaninsu, kada ta kori masu gida.

Zaman farko na mako ka raba shi haka. Minti uku na farko kai kaɗai za ka rera baitocin sau biyu, yara suna saurare, allo fayau babu rubutu. In ka fara rubutawa, za su karanta su kamar darasin karatu, karin ya mutu tun kafin a fara. Minti bakwai na gaba bayarwa da amsawa ne: ka faɗi ɗango ɗaya, wato layi guda na baitin, su amsa, sau biyar, ka shiga na biyu, sannan ka haɗa. A nan ka kasa ajin gida huɗu, kowane rukuni kamar yara 15, domin a cikin murya 58 mai motsa leɓe kawai ba ya ganuwa. Daga nan sai warwara, minti goma, kuma ita ce zuciyar darasin. Ka fassara kalmomi masu wuya, kada su wuce uku. Ka ta da yaro ɗaya ya faɗi baitin da irin maganar da yake yi a gida. Ka tambaye su ko sun taɓa ganin irin wannan a layinsu, da sharaɗin ba a kama suna. Sai minti biyar na jingina baitin da aya ɗaya ko hadisi ɗaya. In amana ce, ga aya ta 58 a Suratun Nisa'i, ga hadisin alamomin munafuki uku. Ɗaya ya isa, kada darasin ya koma tafsiri. Minti biyar na ƙarshe su rubuta baitocin a littafi, ka ba su aikin mako: abu ɗaya ƙarami da kowa zai aikata, misali duk wanda ke riƙe da kayan wani ya mayar kafin zama na gaba.

Zama na biyu ba a ƙara sabon baiti. A maimaita na wannan makon da na makonnin baya, a ji labarin aikin da aka bayar, in lokaci ya rage yara biyu su kwaikwayi abin da baitin ya faɗa cikin minti biyu.

Abubuwan da ke ɓata wannan tsari sanannu ne. Na farko murya. Babban mutum yakan ɗauko waƙa can ƙasa inda yara ba sa iya sauka, ko ya ɗauko ta sama ta ƙare da shaƙewa. Ka ɗauko ta tsaka-tsaki, a hankali, kuma kari ɗaya za ka riƙe wa waƙar, kada yau wannan gobe wancan. Na biyu ihu: rukunoni su koma gasar wa ya fi ƙarfin maƙogwaro. Maganinsa a yi zagaye ɗaya da murya ƙasa-ƙasa kamar ana raɗa, nan take za ka gane wanda ya iya. Na uku gurɓata kalma. Yaro in bai san kalma ba, sai ya sa wadda ta yi kama da ita a kunnensa, ya yi shekara yana rera shirme. Ka riƙa sauraron yara biyar ɗai-ɗai a kowane zama, cikin mako shida ka zagaye ajin. Na huɗu kuwa bulala. Yaron da aka zane don ya manta baitin haƙuri, abin da ya koya ranar ba haƙuri ba ne.

In kana da zaɓi, ɗauki waƙa mai amshi. Yaron da hadda ke yi wa wuya amshin yake kamawa, ya ji shi ma yana ciki.

TAMBAYA: Na ji wani mai wa'azi yana cewa gara cikin mutum ya cika da ruwan ƙurji da ya cika da waƙa. Yanzu kuma makarantar 'ya'yana ta fara koya musu waƙoƙi. Ba mu faɗa cikin haram ba kuwa? (Wani magidanci, Damagaram)

AMSA: Alhaji, hadisin da ka ji ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim. Sai dai Imamu Buhari kansa ya nuna inda ya dosa, domin babin da ya sa shi a ƙarƙashinsa yana magana ne kan ƙyamar waƙa ta rinjayi mutum har ta hana shi ambaton Allah da ilimi da Alƙur'ani. Cika ciki ake zargi, ba ɗanɗanawa ba. A cikin Buharin nan dai akwai hadisin Ubayyu ɗan Ka'abu cewa lalle daga cikin waƙa akwai hikima. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi sahabi Sharidu ya rera masa baitocin Umayya ɗan Abis Salti, yana cewa ya ƙara, har aka kai baiti ɗari. Hassanu ɗan Sabitu a masallaci yake rera nasa. Ayoyin ƙarshen Suratush Shu'ara, daga ta 224 zuwa ta 227, da suka zargi mawaƙa, su ne kuma suka togace waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari suka yawaita ambaton Allah.

Karatunmu na zaure ma da waƙa aka gina shi. Tuhfatul Aɗfal da yara ke koyon tajwidi da ita baiti 61 ce. Alfiyyar Ibnu Malik ta nahawu baiti dubu ce da 'yan kai. Ga Ƙurɗabi a fiƙihu, ga Ishiriniya a yabon Annabi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da iyalinsa da waƙa suka kai wa'azi ga waɗanda ba su iya Larabci ba.

Inda malamai suka yi saɓani shi ne kayan kiɗa, kuma tsohon saɓani ne da ba wannan shafi zai yanke shi ba. Ba kwa buƙatar shiga cikinsa, tun da waƙar wa'azi da baki ake rera ta. Abin da ya rage maka a matsayinka na uba shi ne ka karɓi littafin yaran ka karanta baitocin da kanka, ka kuma duba ko lokacin waƙar ya ci na Alƙur'ani. In maganar cikinta mai kyau ce kuma ba ta ci lokacin hadda ba, hankalinka ya kwanta.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 12 ya haddace wata doguwar waƙa kan biyayya ga iyaye, har ya zo na ɗaya a gasar makarantarsu aka ba shi kyauta. Amma a gida in na aike shi sai ya yi ta ƙunƙuni, wani lokaci ya mayar mini da magana. To ina amfanin waƙar? (Wata uwa, Kano)

AMSA: Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan watan, kuma laifin ba na waƙar ba ne. Abin da makaranta ta saka wa ɗanki a kai shi ne daɗin murya da ƙarfin hadda, shi kuwa ya ba su abin da suka nema. Babu wanda ya tambaye shi yadda yake amsa kiran mahaifiyarsa kafin a miƙa masa kyautar. Hadda a harshe take zama. Hali kuwa sai an yi ta maimaita aiki har jiki ya saba. Aikin baiti shi ne ya zama abin da zai faɗo wa yaro a rai daidai lokacin da yake tsakanin yi da bari, kuma ba zai faɗo ba sai an taɓa haɗa shi da wannan lokacin.

Ga yadda za ki haɗa su. Ki sa ya rera miki waƙar wata rana da yake cikin walwala, ki saurara har ƙarshe, ki ce ya zaɓar miki baitin da ya fi so. Shi zai zaɓa, ba ke ba. Ki tambaye shi abin da baitin yake nufi a gidan nan naku. Daga nan ku yi yarjejeniya kan abu ɗaya tak, misali in kin kira shi ya amsa ya zo kafin kira na biyu. Kada ki haɗa da wanke-wanke da sallar asuba da kallon waya, duk a ajiye su tukuna. Ranar da ya fara ƙunƙuni, maimakon faɗa, ki ɗauko ɗangon farko na baitin a hankali, ki yi shiru ya ƙarasa. Sau da yawa dariya ce za ta biyo baya, ya tashi ya tafi aiken.

Wannan dabara tana da sharuɗɗa, in an karya su sai ta juye. Kada ki yi a gaban abokansa ko ƙannensa, domin a nan ta zama tozarci. Kada ta wuce sau ɗaya a rana. Kada kuma ki ce masa "kai da ka ci gasar biyayya", wannan gori ne, kuma yaron da aka yi wa gori da baiti yakan tsani baitin da wanda ya koya masa. Ranar da ya yi daidai ba tare da an tuna masa ba, ki sa masa albarka a fili ki faɗi abin da ya yi. Aikin za ki yaba, ba rerawar ba. Ki ba wannan mako uku zuwa huɗu kafin ki ɗora wani hali.

Sai abubuwa biyu da ba su shafi waƙa ba. Ki duba ko duk aiken gidan a kansa yake sauka alhali akwai wasu, ko ana ta da shi yana tsaka da abinci ko bai sami barci ba. Ƙunƙunin ɗan shekara 12 wani lokaci ƙorafi ne da bai iya faɗa ba. Na biyu, yara suna auna baiti da abin da suke gani. Gidan da ake cewa yaro "je ka ce ba na nan", ko waƙar gaskiya nawa ya haddace, ya riga ya san wanne ne darasin gaske.

Ga makarantu kuma, mu a ganinmu gasar rera waƙar ɗabi'a da ba a tambayar ma'ana a cikinta ɓata lokaci ce. A raba makin gida uku: hadda, bayanin ma'ana da bakin yaro, da shaidar malamin aji kan halinsa.

TAMBAYA: Ina koyar da 'yan mata da ƙananan yara. Na samo tsofaffin waƙoƙin wa'azi na zamanin jihadi, amma Hausarsu tana da tsauri, kuma wata yarinya 'yar shekara 7 ta kasa barci bayan mun rera baitocin azabar kabari. In daina ne? (Malama, Sakkwato)

AMSA: Malama, kada ki daina, ki dai tankaɗe. Ke da kike Sakkwato gadon gidanku ne wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun 'Yan Taru. Kowane ayari yana da jaji, babbar mace da aka naɗa da malfa, ita ke karɓo waƙa da bayaninta ta koma ta koyar a garinsu. Abin lura shi ne waƙa ba ta tafiya ita kaɗai, da mai warware ta take tafiya.

Kowace waƙa kuma akwai waɗanda aka yi ta dominsu. Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara wa kowane baiti ɗango har ya zama biyar, kashedi ce mai zafi ga masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa da duk mai cin haƙƙin wani. Baligi mai iko a hannu ake girgizawa da ita. 'Yar shekara 7 ba a ɗora mata alƙalami ba tukuna, kuma ba ta iya raba siffantawa da abin da ke ƙarƙashin gadonta. Ga 'yan ƙasa da shekara 10, ki tsaya kan yabon Annabi da ya ƙunshi halayensa, tausayinsa da gaskiyarsa da kyautarsa, da baitocin rahama da Aljanna. Daga 10 zuwa 14 ki shigo da haƙƙin iyaye da maƙwabci da riƙon amana, a ambaci sakamako ba tare da zayyana azaba dalla-dalla ba. Baitocin mutuwa da hisabi sai sun kai 15, kuma ko a nan kada a rufe zama da su. In an rera na tsoratarwa, a biyo da na kwaɗaitarwa kafin a tashi. Yarinyar da ta firgita kuwa, ki zauna da ita da mahaifiyarta, ki koya mata addu'ar kwanciya barci, ki bar waɗancan baitocin a ajin nan gaba ɗaya.

Maganar tsaurin harshe: kada ki canza kalmar marubuci da wadda ta fi sauƙi. Amana ce, kuma sau da yawa canjin yana karya karin. Ki bar kalmar yadda take ki koyar da ma'anarta. Baitin da kalmominsa masu wuya suka wuce uku, ki tsallake shi. Wani abu kuma, rubutun boko ba ya nuna dogon wasali da gajere, don haka daga takarda kaɗai ba za ki gane yadda ake rera waƙa ba. Ki nemi tsohuwa ko tsohon da ya iya ta. Imfirajin Aliyu Namangi na Zariya, alal misali, a bakin makafi masu bara ta fi rayuwa. Ki nemi izininsu ki naɗa a waya, ki kuma sallame su da abin kirki, karatu kika ɗauka.

TAMBAYA: Yaranmu a zango suna jin Hausa amma ba ta zauna a bakinsu ba, sun fi sakewa da Turanci da Tuwi. Waƙar Hausa za ta yi musu aiki? (Wani malami, Kumasi)

AMSA: Za ta yi, Malam, har ma ta gyara musu Hausar. Ka rage zuwa baiti ɗaya a mako, ka yi warwarar da harshen da suka fi ji, baitin kansa ya tsaya a Hausa. Ka fara da gajerun waƙoƙi masu amshi da iyayensu mata suka sani, don a sami mai taya su a gida. Kuma ka gaya musu cewa a ƙasarsu ma an yi wannan fasaha: Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a 1934, ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci, har da wadda ya yi kan talauci da wadata.

TAMBAYA: Muna da ƙungiyar matasa a unguwa, 'yan shekara 15 zuwa 20, wasu sun fara shaye-shaye. In na ce a rera waƙar wa'azi sai su ce ai wannan ta yara ce. Ko zan iya amfani da waƙoƙin makaɗan gargajiya? (Shugaban matasa, Jos)

AMSA: Ɗan'uwa, gaskiyarsu ce ta wani ɓangare. Saurayi mai shekara 17 ba zai jeru yana amshi kamar ɗan aji uku ba. Wannan shekaru ba na bayarwa da amsawa ba ne, na gardama ne, to ka ba su abin gardama. Ka kawo baiti huɗu ko biyar ka karanta, ka tambaye su: mai waƙar nan ya faɗi gaskiya ko ya yi ƙari? Me ya manta bai faɗa ba? Waƙar Giya ta Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ta dace da wannan, domin za su ce ai yanzu ba giya ba ce, ƙwaya ce da maganin tari da sholisho. Nan ka kama su: to ku yi mana baitocin da zai yi da yana raye. Rukuni na mutum huɗu, baiti huɗu, mako ɗaya. Matashin da ya zauna yana neman kalmar da za ta siffanta yadda abokinsa ya lalace ya yi tunanin da nasihar awa guda ba za ta sa shi ba.

Waƙoƙin makaɗa akwai abin ɗauka a cikinsu, amma da tsinke ake ɗauka. Ɗan Maraya, ɗan garinku da ya rasu a 2015, yawancin abin da ya yi da kuntiginsa kan zaman duniya ne: aure, gulma, sana'a, halin ɗan Adam. Shata kuwa yana da na gargaɗi, yana kuma da wadda kowa ya sani ta mashaya. Makaɗin baka sana'a yake yi, turkensa, wato jigon waƙarsa, yabo ne da zuga da zambo, gargaɗi yakan zo a matsayin ɗa ɗaya cikin 'ya'yan waƙa, wato baitocinta. Don haka ka saurari waƙa tun daga farko har ƙarshe kai kaɗai, ka rubuto ɗan da kake so, ka kawo shi a takarda. In a wurin da ba a yarda da kiɗa ba ne kuke zama, hakan ya raba ka da rigima.

Haɗarin da ya fi girma shi ne zambo. Da zarar matasa sun gane suna iya haɗa baiti, kan junansu za su fara. Dokar tashe za ka ara musu. Wasannin da yara ke yi daga goma ga watan azumi suna yi wa malamin da ya yi rawa dariya, da tsoho mai gemu, da mai maganin ƙarya, amma hali ake kwaikwaya, ba wane ɗan wane ba. Ka kafa sharaɗi tun ranar farko: ba suna, ba laƙabi, ba siffar jiki, ba sunan layi. Baitin da duk aka juya aka kalli mutum ɗaya in an rera shi, a cire shi. Wanda kuma ya riga ya yi nisa a shaye-shaye, baiti ba ya cire ƙwaya daga jini. Wannan sai an haɗa da iyayensa an kai shi asibiti.

TAMBAYA: Na nemi baitoci kan yaran da ke cin canjin aike ban samu ba. Na gwada yin nawa, amma in an zo rerawa sai su riƙa cijewa. Ina matsalar take? (Malamin firamare, Maraɗi)

AMSA: Malam, kusan ko da yaushe matsalar a nauyin gaɓa take. Masu fara waƙa sukan kula da amsa-amo, su ga ƙarshen ɗango ya yi daidai, su manta cewa kunnen Bahaushe nauyi yake aunawa. Gaɓa iri biyu ce. Marar nauyi baƙi ne da gajeren wasali, kamar "da" ko "ka". Mai nauyi ita ce mai dogon wasali, ko tagwan wasali kamar "kyau", ko wadda ta rufe da baƙi kamar "ɗan". Ga baiti biyu da muka haɗa don gwaji, ƙwar biyu, wato kowane baiti ɗango biyu, a bisa karin da ake kira mutaƙarab:

Amana tana da wuya, ɗan'uwa,
Riƙe ta da kyau, kar ka sha rantsuwa.

Idan an yi aike, mayar wa uwa
Da canjin kuɗinta, ka sam ƙaruwa.

Kowane ɗango gaɓa 11 ne. Ƙafar wannan kari, wato rukunin gaɓoɓin da ake maimaitawa, ita ce gaɓa marar nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu, kamar yadda kalmar "amana" kanta take: a gajere, ma dogo, na dogo. An yarda gaɓa ta uku ta zo marar nauyi, kamar a "tana da", amma ta farko lalle ta zama marar nauyi, ta biyu lalle mai nauyi. Ƙafar ƙarshe an datse ta, gaɓa biyu ce kawai. Yanzu cire "ɗan'uwa" ka sa "abokina" ka rera, za ka ji inda harshe ya yi tuntuɓe. Irin wannan ne ke faruwa da naka.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka fara da sautin kafin kalma. Ka yi ta gunguninsa, "ta-tan-tan, ta-tan-tan", kana buga yatsa a tebur, har ya zauna, sannan ka riƙa zuba kalmomi a ciki. Ka tara kalmomin amsa-amo kamar goma tun kafin ka fara, don kada ka kai baiti na uku ka rasa, ka jawo kalmar da ba ta da alaƙa da zancen. Kowane baiti ya ɗauki magana ɗaya, kuma a ga abu a cikinsa, canji ko biro ko tulun da aka fasa. "Ku zama nagari" ba ya zama a ran yaro. Kada ka cusa Larabcin da kai ma sai ka duba ƙamus. In ka kawo ma'anar aya ko hadisi, ka nuna wa malamin da ya fi ka sani kafin yara su haddace, domin abin da ya shiga da waƙa yana da wuyar fita.

Gwajin ƙarshe: ka ba yara uku baitin a rubuce, ka rera musu sau biyu, ka bar su su rera kana saurare. Duk inda biyu daga cikinsu suka ja wasalin da ba a ja ko suka haɗiye gaɓa, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar, ita za ka canza.